Nasiha Ga Yaran Gabi Masu Harhaɗa Kanel

Labari ya iso mini cewa a cikinku, ku da kuke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da makarantun fasaha na Yamai, har da waɗanda suka tsaya a shagunan gyaran waya, akwai waɗanda suka wuce matakin sa Linux a kwamfuta, sun kai ga sauko da rubutun kanel ɗin kansa suna harhaɗawa da hannunsu. Na yi murna ƙwarai, don ban zaci zan ga ranar da ɗan Gabi zai shiga cikin inji har wannan zurfin ba. Sai dai murnar ba za ta hana ni faɗa muku abin da shekaru suka nuna mini a sana'ar ba. Maganata kusan duk a kan wuri guda take, wato inda ake zaɓen abin da zai shiga kanel da abin da za a bari a waje. Nan ake gyarawa, nan ake ɓatawa. Ita harhaɗawar aikin inji ce, kai dai ka ba da umarni ka tafi masallaci.

Saboda ƙannenku da takardar nan za ta faɗa hannunsu, bari in taɓo tushe a gurguje. Kanel shi ne ɓangaren babbar manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Shi ke raba wa kowane aiki lokacinsa a furosesa, shi ke rabon ram, shi ke magana da faifan ajiya da allo da katin wifi da duk abin da aka soka a ramin USB. Manhajar da kake buga takarda da ita ba ta san irin faifan da ke cikin injinka ba, kanel take roƙo ya ajiye mata. Linux da muke magana a kansa, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara shi, ya sanar da jama'a ranar 25 ga Agusta 1991, yana ɗan shekara 21. Fitowar farko layukanta kusan 10,000 ne. Zuwa farkon 2025 sun haura miliyan 40. Tecno da Itel da Infinix ɗin da ke aljihunku, muddin Android ce a ciki, wannan kanel ɗin ne ke riƙe da su, kuma tun Nuwamba 2017 manyan kwamfutoci 500 da suka fi gudu a duniya duk shi suke aiki da shi.

Mafi yawan wannan tulin rubutu direbobi ne, kowane da na'urar da aka rubuta shi dominta: ta asibiti, ta jirgin sama, ta kamfanin sadarwa, da tsofaffin katuna da aka daina ƙerawa tun ba a haife ku ba. Babu injin da ke buƙatarsu duka, shi ya sa aka yi wa kusan kowane abu maɓallin kunnawa da kashewa. Maɓallan nan sun haura 15,000. Tambayoyinsu na warwatse cikin fayilolin da ake kira Kconfig, amsoshinka kuma suna taruwa a ɗan ɓoyayyen fayil guda mai suna .config. Duk darajar aikinka tana cikin wannan fayil.

In ka buga make menuconfig, allo zai koma shuɗi da akwati a tsakiya, layuka jere, kana hawa da sauka da maɓallan kibiya. A gaban kowane layi akwai ɗan gurbi. In tauraro ne a ciki, ka ce y ke nan, abin zai shiga jikin kanel ya zauna a ram tun daga tashin inji har kashewa. In harafin M ne, za a harhaɗa shi a gefe a matsayin modul, a ajiye shi a /lib/modules, ba za a ɗauko shi ba sai an ga na'urarsa. In gurbin fayau yake, ka ce n, ba za a harhaɗa shi ba sam. A yawancin layuka amsoshi uku ne kacal, amma sanin wadda ta dace da kowane layi shi ne sana'ar baki ɗaya.

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, ɗana, tambayi kanka abin da ya kawo ka. Debian da Ubuntu da Linux Mint, da Emmabuntüs da aka shirya a Faransa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, duk suna zuwa da kanel shiryayye wanda dubban mutane suka gwada. Kusan komai a cikinsa modul ne, don haka direban da injinka ba ya buƙata yana kwance a faifai, bai ci maka ram ba. Wanda ya ce maka harhaɗa kanel zai mai da tsohuwar laftof ƴar Kwatano sabuwa, bai gaya maka gaskiya ba. In gudu kake nema, ƙara ram, ka canza tsohon faifai mai juyawa da SSD, a ranar za ka ga bambanci. Dalilan ƙwarai dai suna nan. Akwai mai katin wifi da direbansa bai shiga kanel ɗin da aka ba shi ba. Akwai mai tsohon inji na bit 32, irin ƙananan nan masu Atom na farko, wanda Debian 13 da ta fito a Agusta 2025 ta daina yi wa kanel. Akwai mai aiki a kan Raspberry Pi, ko ƴar na'urar raba intanet da aka sa wa OpenWrt, wadda ma'ajiyarta ba ta wuce mega 8 ko 16 ba, inda dole a auna kowane abu kafin a sa. Akwai kuma mai son sani kawai, wannan ma dalili ne mai kyau, ni ba na raina shi. Amma a faɗa wa kai gaskiya tun farko, domin mai koyo a injinsa zai koya, ba a kwamfutar makaranta ko ta ɗakin shan magani da jama'a suka dogara da ita ba.

Cutar da na fi gani a wurin matasa ita ce son yanka. Yaro ya ga zaɓi dubbai, sai ya ɗauka gwaninta ita ce ya kashe duk abin da bai gane ba, ya fito da kanel ƙarami ya nuna wa abokai. Ku tambayi iyayenku yadda ake sassabe a da. Gona ba ta yi kyau ba sai an share ta ƙal, an sare duk wani tsiro an ƙone, iska ta zo ta kwashe ƙasa ta binne shuka. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Daga nan sassaben zamani ya bazu, har aka ƙiyasta ya maido da itace a kan hekta miliyan 5 na gonakin Nijar. Ku dubi yadda manomin da ya iya yake yi in ya tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara. Yana sara, amma sai ya duba tukuna ya gane wane itace ne, ya zaɓi tsirran da suka fi ƙarfi, kuma ba ya barin ɗaya tilo, yana barin uku ko biyar don kada akuya ta cinye guda ya tashi a tutar babu. Mu da muke gefen dajin Babban Rafi ai mun san bambancin mai gyaran itace da mai gatari. Haka nake so ku zauna gaban shuɗin allon nan.

To, sanin inji shi ne farko. Tun kana kan kanel ɗin da ke aiki, buga lspci -k. Zai jero maka duk abin da ke manne a allon inji, ƙarƙashin kowanne ya rubuta sunan direban da ke riƙe da shi yanzu: ahci ga faifai, i915 ga allon Intel, e1000e ko r8169 ga ramin wayar intanet, iwlwifi ko ath9k ga wifi. Buga lsusb ka ga na USB, lsmod ka ga modul ɗin da ke ɗauke, lscpu ka san furosesarka ta bit 64 ce ko 32. Ɗauki biro ka kwafe sunayen nan a littafi. Kada ka ce ai suna cikin kwamfuta, ranar da za ka neme su kwamfutar ce ba ta tashi. Kada kuma ka yarda da takardar da ke manne a jikin laftof. Injinan da ke zuwa mana sun bi hannu da yawa, sau tari biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya kowace da irin katin wifinta, don wani mai gyara ya canza a hanya.

Na biyu, kada ka fara daga fili. Kanel ɗin da ke riƙe da injinka yanzu ya bar maka amsoshinsa a /boot, cikin fayil mai farawa da config sai lambar kanel. Kwafe shi ka kai cikin jakar sabon rubutu da sunan .config, sannan ka buga make olddefconfig. Zai riƙe duk tsofaffin amsoshi, sababbin tambayoyi kuma ya cike su da abin da marubutan suka ga ya fi dacewa. Mai lokaci da son karatu sai ya yi make oldconfig, a riƙa tambayarsa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa make config tsurarsa, wanda ke tambaya tun daga layin farko har na ƙarshe babu komawa baya, ban shawarci kowa da shi ba. Masu Ubuntu su kula da wani ɗan tarko a nan: fayil ɗin da kuka kwafo yana nuni da takardun shaidar kamfanin a layukan SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS, takardun kuwa ba sa cikin rubutun da kuka sauko da shi. In ba ku share abin da ke cikin layukan biyu ba, aiki zai yi nisa sannan ya tsaya da kuka. Ku kashe DEBUG_INFO ma in ba farautar kuskure za ku yi ba, don shi kaɗai kan sa aikin ya cinye fiye da giga 10 na faifai, ya kuma ja lokaci.

A cikin menuconfig akwai maɓalli biyu da suka fi sauran amfani, yara kuma ba su cika taɓa su ba. Alamar tambaya tana buɗe bayanin layin da kake kai, wanda mai direban ya rubuta da kansa, kuma sau da yawa yakan rufe da shawarar abin da za ka zaɓa in ba ka da tabbas. Bi wannan shawara, ya fi ka sanin abin da ya rubuta. Da Ingilishi bayanin yake, na san kuma yawancinku da Faransanci kuka yi lakwal, amma kalmomin da ke maimaituwa ba su da yawa, matambayi kuma ba ya ɓata. Ɗaya maɓallin shi ne karkatacciyar sandar nan ta bincike. Ka rubuta sunan direba, ya nuna maka inda yake da abubuwan da ya dogara a kansu. Wani layin ba ya ma bayyana sai ka kunna na samansa, sai yaro ya yi ta nema ya ce babu. Wannan dogaro da juna shi ya sa ba a buɗe .config a gyara da hannu gaba-gaɗi. In ta kama dole, akwai ɗan kayan aiki scripts/config, bayansa kuma a sake bi da olddefconfig ya daidaita abin da ya karkace.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa. Modul yana zaune ne a faifai. In ka mai da direban faifan kansa modul, ko direban tsarin ext4 da aka jera fayilolinka da shi, ta yaya kanel zai ɗauko su alhali sai da su zai iya karanta faifan? Debian da sauran nau'o'in Linux sun warware wannan da ɗan ƙunshi da ake kira initramfs, wanda ake loda shi tare da kanel yana ɗauke da modul ɗin farko. In za ka yi amfani da shi, ka tabbata an kunna BLK_DEV_INITRD kuma an gina ƙunshin bayan girkawa. In ba za ka yi ba, to ahci ko nvme da ext4 dole su sami tauraro. Wanda ya yi sake a nan zai ga baƙin allo, rubutu ya gudu ya tsaya cak a kan layi mai cewa Kernel panic, da ƙorafin an kasa hawa tushen faifai. Ba abin tsoro ba ne, ba abin da ya ƙone, fayilolinka na nan lafiya.

Wifi kuwa akasin haka yake, shi ya sa yake ruɗa mutane. Yawancin katunan Intel da Realtek da Broadcom suna buƙatar wani ɗan fayil na kamfani da ake loda musu daga /lib/firmware duk sanda inji ya tashi. In ka ba direban tauraro don kana ganin hakan ya fi ƙarfi, zai farka tun faifai bai buɗu ba, ya nemi fayil ɗin ya rasa, ya yi shiru. Bar shi a M. Ka ga ke nan ba a cewa tauraro ya fi M ko M ya fi tauraro, kowane da lokacin da ake buƙatarsa.

Akwai wani umarni da kuke ƙauna, make localmodconfig, wanda Steven Rostedt ya rubuta, ya shiga kanel 2.6.32 a ƙarshen 2009. Yana duba modul ɗin da ke ɗauke a injinka a wannan lokacin, ya kashe duk sauran. Aikin da zai kwana a kan laftof mai furosesa biyu sai ya ƙare kafin a sauke tuwo. Alheri ne babba ga masu rarraunan inji irinmu. Amma abin da ke gabansa kawai yake gani. Wani yaro daga cikinku ya kawo mini laftof ɗinsa a hutun da ya wuce, ransa a ɓace. A Maraɗi ya yi aikinsa, inda yake samun wifi, komai ya tafi daidai. Da ya dawo gida, inda intanet ɗinmu ita ce ta waya, ya soka wayar caji, ya kunna raba intanet ta USB, wayar ta nuna ta yarda, kwamfuta ko gezau. Muka buga dmesg tare. Ga layin nan ƙarara, an ga sabuwar na'ura, ga sunan wayar, ga lambarta, daga nan sai shiru, babu direban da ya amsa. Ranar da ya yi localmodconfig wayar na aljihunsa, don haka aka yanke rndis_host da cdc_ncm. Muka soka filashi, ita ma haka, an ga ƙarfen amma ba a iya karanta abin da ke ciki, vfat da exfat sun bi sahu. Rubutun kanel na nan a faifansa, ya kunna su ya sake harhaɗawa, kafin la'asar ya shiga intanet.

Saboda haka kafin ka buga wannan umarni, tara duk abin da injin zai taɓa haɗuwa da shi ka soka masa: waya da raba intanet a kunne, filashi, katin memori, firinta, linzami, abin sauraro na bulutut, modem in akwai. Bayan ya gama yankansa, shiga menuconfig ka maido da abubuwan da jama'a ke zuwa da su ko da kai ba ka da su. A garinmu kwamfuta ɗaya ba ta mutum ɗaya ba ce. Malamin lakwal zai zo da filashin jarrabawa, mai neman aiki zai zo da faifan da aka tsara a Windows, sai ka buƙaci ntfs3 da ya shiga kanel 5.15 a 2021. Kafinta zai zo da hoton ƙofa a katin waya. Modul ɗin da ba a ɗauko ba bai ci maka komai ba sai ɗan wuri a faifai, rashinsa kuwa zai sa ka juya dattijo da ya taso tun daga ƙauye. Ga wata dabara kuma: ka adana sakamakon lsmod na rarraunan inji a fayil, ka kai shi wurin mai inji mai ƙarfi a Maraɗi, ka nuna wa localmodconfig fayil ɗin ta hanyar LSMOD, a harhaɗa can da make bindeb-pkg, ka dawo da ƙunshin a filashi ka girka.

Zafi da ƙura su ma suna da ta cewa a zaɓinku, abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, fankar laftof kuma ta sha ƙurar hunturu. Kada ku taɓa sashen ACPI da na lura da zafi da na sauya gudun furosesa da sunan rage nauyi. Su ne ke sa inji ya sassauta in ya ɗau zafi, su ne ke ja wa batir rai. Ku bar coretemp don ku riƙa ganin ma'aunin. Ku bar direban kamfanin injinku, thinkpad_acpi ga Lenovo, hp-wmi ga HP, dell-laptop da dell-smm-hwmon ga Dell, domin maɓallan haske da wasu lamuran fanka da batir ta nan suke bi. In ram ɗinku giga 2 ne ko 4, ku kunna zram, wanda ke matse abin da ke ram maimakon a zubar da shi a faifai mai nauyin jiki. Wannan ɗaya ne daga ƴan zaɓin da za ku ji amfaninsu a hannu. Ita harhaɗawar a yi ta da dare ko bayan asuba, a ɗora injin a kan tebur ko faranti, ba a kan katifa ko tabarma da ke toshe masa iska ba. In ya yi zafi a rage lambar da ke bayan -j a umarnin make. Jinkirin sa'a ɗaya ya fi sayen sabon allon inji.

Kun ga abin da ya faru a Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har da layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Wanda ke kan hasken rana ma ya san batir kan gaza cikin dare. In wuta ta ɗauke ana tsakar harhaɗawa, ba asara, sake buga make zai ci gaba daga inda ya tsaya, in kuma ya fara kawo kuskuren da ba a gane kansa ba sai a yi make clean a sake. Lokacin haɗari shi ne ƴan mintunan girkawa, sanda ake rubutu a /boot. Kada a fara wannan sai batir na cike. Ku kuma bambance make clean da make mrproper: na biyun yana share .config ɗinku ma, ba ya tambaya.

Da tsohuwar zuma ake magani. Kada ka goge kanel ɗin da ya zo da injin, ko naka ya yi wata guda yana aiki lafiya. Ba naka suna a LOCALVERSION, ko da -gabi1 ne, don kada modul ɗinsa su hau kan na tsohon, kuma ka gane shi a jerin GRUB, inda ake zaɓen kanel in inji zai tashi. Ka gwada shiga jerin nan tun kafin buƙata, ka san maɓallin da ke fito da shi a injinka. In Secure Boot na kunne, kanel ɗin da ka harhaɗa ba shi da sa hannun da injin ya sani, zai ƙi shi sai ka kashe tsaron ko ka yi rajistar mabuɗinka. Sannan ka riƙa canza abu kaɗan, ka harhaɗa, ka gwada, ka kwafe .config ɗin da ya yi aiki da kwanan wata a sunansa. Wanda ya canza layi ɗari a zama ɗaya inji ya ƙi tashi, ba shi da hanyar sanin wanne ne mai laifin. Wanda ya canza biyar, scripts/diffconfig zai nuna masa su a jere.

Wani abu da nake jin kuna yaɗawa a tsakaninku shi ne kashe kariyar da aka sa bayan tonon asirin raunin furosesa na Spectre da Meltdown a Janairu 2018, wai tana rage gudu. Gaskiya ne tana ragewa a tsofaffin furosesa. Amma injin da ake shiga intanet da shi, ake buɗe asusun kuɗi, ake ajiye takardun mutane, ba wurin wannan caca ba ne. Ku sani kuma, ranar da kuka harhaɗa naku kanel, kun ɗauke wa Debian nauyin gyaran tsaro kun ɗora a wuyanku. Sabon kanel na fitowa duk mako 9 ko 10, ba za ku iya bin wannan gudun da kuɗin data na Airtel ko Moov ko Zamani ba. Ku zaɓi masu dogon zango da Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa ke kula da su, irin 6.6 ko 6.12. Cikakken rubutun ya haura mega 100 ko a matse, amma sau ɗaya za ku sauko da shi daga kernel.org. Bayan nan ƙananan fayilolin faci sun isa, kuma mutum ɗaya in ya sauko ya raba wa sauran a filashi. Lasisin GPL da Torvalds ya ɗora kanel a kansa tun 1992 ya halatta muku wannan rabon.

Masu gyaran waya, ku kalma ɗaya zan yi muku. Waya ba ta da lspci da zai faɗa muku abin da ke cikinta, sai an rubuta wa kanel taswirar na'urorin tun daga kamfani, kuma ba ta da jerin GRUB da za a koma wa tsoho cikin sauƙi. Kada ku gwada kanel a wayar da aka kawo muku gyara. Amana ce, hotunan ƴaƴan mutum da lambobin abokan cinikinsa na ciki.

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ina sa ran injinan da Turai ta sallama za su ƙaru a kasuwannin Maraɗi da Katsina da Kano, yawancinsu kuma lafiyarsu ƙalau. Za a buƙaci masu iya tayar da su. Roƙona gare ku shi ne, duk wanda ya samu .config da ya zauna daram a kan wani inji, ya rubuta sunan injin, ya haɗa da sakamakon lspci, ya ajiye su wuri ɗaya da na ƴan'uwansa, don na baya ya fara daga inda kuka tsaya. Ku zaunar da ƙannenku mata a gaban allon kamar yadda kuke zaunar da maza, ku bar su su danna da hannunsu. In kun zo hutun Sallah ku kawo mini littattafan da kuka rubuta sunayen direbobi a ciki, ina so in duba. Allah ya yi muku albarka, ya tsare mana garinmu.